Kawu Ɗanyaro Ya Kai Goro Tsibiri

In kana neman mutumin da bai taɓa ɓatan hanya ba tun da uwarsa ta haife shi, hau jirgin tram ka sauka unguwar Minguettes a Vénissieux ta ƙasar Faransa, ka tambayi Ɗanyaro. Ba ma sai ka tambaya ba, tsaya kawai kana waige-waige, shi zai same ka. Badamagare ne, gajere mai faɗin ƙirji, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito a gefen Lyon. A faɗarsa, duk layukan metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na Lyon da na Paris a cikin kansa suke kwance, kuma namijin da ya tsaya yana tambayar hanya ya zubar da girman gidansu. Mutanen da ya yi wa kwatance suka kwana a wata unguwa suna da yawa, sai dai ba su dawowa su faɗa, shi kuwa sai ya ɗauka sun isa lafiya. Matarsa Halimatu ta daɗe da daina musu da shi. Da zarar ya ce ya san wata gajeriyar hanya, sai ta saka ruwa da biskit a jaka.

To, ana nan sai maganar auren Zaid ta taso. Zaid ɗan yayarsa Kaltouma ne, maraya, a La Courneuve suke zaune can gefen Paris. Yaron ya samu wata yarinya mai hankali, Rachel, nas a Saint-Denis, 'yar wani ɗan ƙaramin tsibiri kusa da Guadeloupe, yankin Faransa can tsallaken teku. Kowa ya yaba da ita. Mahaifinta Guillaume, manomin rake, shi ne ya aiko da sharaɗi: ba ya ba da 'ya ta waya. Babba daga gidansu Zaid ya tako ƙafa ya zo, ya zauna cin abincin rana da dangi ranar Asabar, ya nemi auren baki da baki. In aka sauke tukunya aka ci aka tashi bai iso ba, maganar ta mutu.

Aka taru a falon Kaltouma don a tsayar da mai zuwa. Abin ma ba na shawara ba ne, kowa ya san neman aure na dangin uba ne, ga kuma Alhaji Abdourahamane zaune, wan marigayi mahaifin Zaid. Ɗanyaro ba wanda ya gayyace shi. Labari kawai ya ji, ya ja Halimatu suka hau jirgin ƙasa daga Lyon, don ya daɗe yana jin haushin yadda komai na dangi sai a ce a tambayi Alhaji.

"Alhaji," in ji shi, bayan an gama doguwar gaisuwa, "ka taɓa hawa teku?"

"Ban taɓa ba."

"Ayya! To ni na san tsibiri. Igiyar ruwan can, wallahi in ta miƙe ta fi benen nan tsawo. Mai lafiyayyar gwiwa ma da rarrafe yake fita daga jirgi, balle kai."

Alhaji ya shafa gwiwarsa mai ciwo, ya dube shi a kaikaice. "Wane tsibiri ka je, Ɗanyaro?"

"Na cikin kogin Lyon," Halimatu ta amsa daga inda mata suke. "Wanda ake shiga ta gada. Mun ci gyaɗa a can."

"Ke wa ya sa da ke? Tsibiri ai tsibiri ne, ruwa nan, ruwa can, ƙasa a tsakiya."

Ya yi ta zuba, ya kawo kifayen da ke haɗiye mutum da carbinsa, ya kawo iskar da ke ɗauke rawani, har Kaltouma ta fara roƙon Alhaji ya zauna don Allah, kada a je neman aure a dawo da gawa. Alhaji ya ce to, Ɗanyaro ya je, Allah ya sa alheri. Zaid kuwa ya san kawunsa, sai ya matso kusa da shi.

"Kawu, Rachel tana can. Ta ce babanta zai zo ya ɗauke ku a bakin jirgi."

Ɗanyaro ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Suruki ya ɗauke mu? Mu da muka je roƙo, a loda mu a mota kamar buhun albasa? Mai neman aure da ƙafarsa yake sallama a ƙofar gida. Ka gaya mata kada wanda ya motsa."

"To bari in zo tare da ku."

"Ango a wurin neman aurensa? Kai Faransa ta cinye ka. Zauna nan, zan kira ku ta bidiyo ku ga yadda manya ke aiki."

"Shuɗin gida ne, Kawu, bayan wata tsohuwar hasumiyar dutse, akwai babban mangwaro a ƙofa. Zan turo maka hoto."

"Turo wa wanda bai san hanya ba," in ji Ɗanyaro, ya jawo kwanon dambu gabansa.

Shi da Halimatu suka tashi daga filin jirgin saman Orly da ƙatuwar ƙwarya cike da goro da dabino, an naɗe ta da sabon zane. Suka kwana Guadeloupe, da safiyar Asabar suka nufi jirgin ruwa. Ɗanyaro ya saka babbar riga ta shadda ruwan toka, ta sha sitaci har in ya motsa sai ka ji kamar ana taka busasshen ganye. Ya haye can gaban jirgi ya tsaya ya riƙe ƙugu, yana yi wa Halimatu bayanin yadda ake karanta ruwa. Jirgi ya fita daga tasha, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sake yin sama. Bayani ya tsaya a tsakiyar jimla. Abin da ya biyo baya ba na faɗa ba ne a gaban masu cin abinci, amma wata tsohuwa 'yar tsibirin ce ta riƙe masa hula har aka isa, tana bubbuga bayansa kamar jariri.

"Ƙwan otal ɗin nan ne," ya ce da suka taka ƙasa. "Tun da na gan shi ban yarda da shi ba."

"Ni ma shi na ci," in ji Halimatu.

A bakin tashar akwai wata ƙaramar bas a gindin itace, ƙofa a buɗe, mata na shiga da kwandunan kifi, direba na zaune a kan dutse yana cin ayaba. Ɗanyaro ya zagaya yana neman allon da ke nuna lokacin tashi, bai gani ba. Ya ciro katinsa na metro yana neman inda ake dangwalawa, nan ma babu.

"Yaushe za ta tashi?" ya tambayi direba da Faransanci.

"In ta cika."

Halimatu ta yi dariya har da tafi. "Allahu akbar, tashar Damagaram! Malam, mu shiga mu zauna, ai mun zo gida."

"Nan Faransa ce, ba Damagaram ba. Ni ban baro Lyon don in jira kifi ya cika mota ba."

Direba ya jefar da ɓawon ayaba ya ce, "Wurin wa za ku? Ba wanda ban sani ba a nan."

Halimatu ta buɗe baki, Ɗanyaro ya taka mata ƙafa. "Sirrin aure a tasha? So kike kafin mu isa duk gari ya ji?"

Ya ja ta zuwa wata rumfa da ake ba da hayar ababen hawa. Matar wurin ta nemi permi, wato lasin tuƙi. Ya miƙa mata katin tuƙin motar ɗaga kaya na wurin aikinsu, yana hura hanci. Ta juya shi gaba da baya, ta kira wata ta nuna mata, suka yi dariyarsu suka more, sannan ta ce mota dai ba zai samu ba, sai dai ɗan keken batir. Wani abu ne mai ƙafa huɗu da rumfa, ba ƙofa ba gilashi, kujerar bayansa tana kallon inda aka fito. Matar ta yi ta bayani, cewa hanya ɗaya ce ta zagaye tsibirin, batirin kuma zagaye ɗaya yake kaiwa da ɗan ƙari. Duk wannan a bayan kunnen Ɗanyaro, yana can yana ɗaure waya a ƙarfen gaba da igiyar jakar tafiya, yadda za ta riƙa ɗauko fuskarsa da gefen hanya.

Ya kira. Falon Kaltouma ya bayyana cike maƙil, Zaid a gaba, Alhaji a kujera. A ɗaya gefen kuma ga shagon ɗinkin Hayatu na Vénissieux, inda maƙwabtan Ɗanyaro suke taruwa shan shayi, su ma ya saka su don kada a ba su labari.

"Jama'ar Paris, jama'ar Lyon, ga mu a tsibiri!"

"Me ya sa idonka ya faɗa?" in ji Hayatu.

"Ɗanyaro," Alhaji ya matso da fuska, "ka tsaya ka tambayi mutanen gari hanya. Rana tana yi."

"Ka ji ko? Daga kan kujera ma so yake ya tuƙa ni." Ya sa yatsa ya kashe sautin gaba ɗaya. "Ku kalla da ido, ya ishe ku."

Halimatu ta hau baya ta rungume ƙwarya. Shi kuma hannu ya riga ya saba, a wurin aiki in kaya sun yi tsawo da baya-baya ake tafiya. Ya waiga ta kafaɗa, ya taka. Keke ya zabura baya, ya daki tulin kwakwar wani mai sayarwa. Kwakwa ta watse a tasha, wasu suka gangara cikin teku, mai kaya ya biyo su da adda a hannu, ba don sara ba, da ita yake aiki, amma wa zai tsaya tantancewa? Ɗanyaro ya lalubo gaba, suka fice a guje.

Hanya ta miƙe tsakanin teku da gonakin rake. Iska ta shiga babbar riga ta hannun dama, ta rasa mafita, rigar ta kumbura ta cika keken har Halimatu ta ce ita dai ba ta ganin komai sai shadda. Mutanen da ke tafe a gefen hanya suna ɗaga hannu, shi kuma yana ɗaga musu nasa a hankali, yana gyaɗa kai.

"Kin gani? Sun san babban mutum."

"So suke ka rage musu hanya."

"To su jira mai kifi."

Suka wuce wata tsohuwar hasumiyar dutse, ya ce wa waya wannan gidan yari ne na zamanin da. Gaba kaɗan sai ga wani shuɗin gida da babban mangwaro, an kafa rumfa, an jera tebura da fararen ƙyallaye, ƙamshin miya har kan titi. Mutanen wurin na hango babbar riga suka miƙe gaba ɗaya, suna ɗaga hannu suna kira. Ɗanyaro ya danna oda.

"Komple! Ba wuri!" ya daka musu tsawa, ya ƙara wuta. "Kin ga 'yan biki, sun ci sun ƙoshi, sun ga motar banza."

"Malam, gidan nan shuɗi ne fa."

"Rabin gidajen garin nan shuɗaye ne."

"Ga wata yarinya tana bin mu da gudu."

"Ta gaji ta koma."

Ya leƙa waya. Zaid ya miƙe tsaye yana tsalle, bakinsa a wangame, yana nuni da hannu biyu. Kaltouma ta ɗora hannu a ka. A shagon Hayatu wani ya faɗo daga benci. Daɗi ya kama Ɗanyaro, ya ce wa Halimatu ta ga yadda yaron nan ke murna, bai taɓa sanin kawunsa ya iya tuƙi haka ba.

Hanya ta gangara bakin wani farin yashi, inda baƙi masu yawon buɗe ido ke kwance suna shan rana, kowa da ɗan ƙyallen da bai kai hankici ba. Ɗanyaro ya yi salati, ya ce wa Halimatu ta rufe ido, shi ma ya rufe nasa. Ita dai ba ita ke tuƙi ba. Keke ya bar kwalta ya nutse cikin yashi har gindi. Waɗanda ya ƙi kallo su suka taso suka kewaye shi, maza da mata, jiki duk mai, suna turawa suna dariya, shi kuwa ya kafe ido a rufin keke yana ta istigfari yana cewa mersi. Duk wannan Paris da Lyon suna kallo. Alhaji ma an ga ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Da suka koma kan hanya aka yi wani ɗan ruwan sama na tsibiri, mai zuwa ba sallama ya tafi ba bankwana. Ya bar kududdufai a hanya, ya bar sitacin riga ya fara saki. Suka yi ta tafiya, rake, teku, rake, teku, sai ga gari, ga jiragen ruwa, ga bas a gindin itace.

"Malam, nan muka taso."

"Ina! Tasha ta biyu ce. Duk babban wuri tasha biyu gare shi, ba ga Part-Dieu ga Perrache a Lyon ba?"

"Da mai kwakwa biyu?"

Mai kwakwa ya riga ya gane su, ya taso. Direban bas, wanda ya kai mutanensa har ya dawo, ya ɗaga musu sabuwar ayaba. Ɗanyaro bai tsaya ba, ya sake bin hanyar da ya bi ɗazu, yana cewa yanzu ne ma ya gane tsarin garin sosai. Rana ta take tsaka ta fara karkata. Halimatu ta ce in ya ga Allah ya tsaya ta tambayi ko da akuya ce, ya ce in ta sake magana zai sauke ta da ƙwaryarta.

Hasumiyar dutse ta sake bayyana. Ya ce gidajen yari sun yi yawa a ƙasar nan. A gaban shuɗin gidan kuwa, wannan karon wani dogon tsoho ne tsaye a tsakiyar titi, cikin farar kwat da farin wando da malfa, ya ɗaga hannu ɗaya kamar ɗan sanda. Ɗanyaro ya danna oda, tsoho bai motsa ba. Ya murɗa sitiyari irin murɗar wurin aiki, keke ya yi gefe ya faɗa wani kududdufi, jan ruwa ya tashi ya wanke tsohon nan daga malfa har takalmi.

Da ya wuce shiru ma da sauƙi. Sai da ya waiwayo ya ɗaga murya da Faransanci, don kada tsoho ya rasa ko kalma ɗaya: "Kai tsoho, titin na gadon gidanku ne? In ka gaji da duniya je ka faɗa teku, kada ka ɓata mini tafiya!"

A waya, Zaid ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Mata sun kewaye Kaltouma suna yi mata fifita. Alhaji ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Hassada," in ji Ɗanyaro. "Ya ga abin da gwiwarsa ta hana shi."

A kan wani tudu tsakiyar rake keke ya fara kuka ƙasa-ƙasa, ya yi tafiyar hawainiya, ya tsaya cik. Ɗanyaro ya taka, ya murɗa, ya yi masa magana da Hausa da Faransanci. Ya sauka ya ce zai tura, Halimatu ta zauna abinta. Ya tattare riga ya sa kafaɗa. Keke ya yi gaba taku biyu, ya yi tunani, ya dawo da baya. Halimatu ta yi tsalle ta dire da ƙwarya a ka, ko goro ɗaya bai faɗi ba. Shi kuwa hannun rigarsa ya maƙale a ƙarfe, keke ya ja shi suka gangara tare, suka ƙare a cikin wani kwatami mai laka a gefen gona. Ya fito da takalmi ɗaya, hula ta tafi, shadda ta manne masa a jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Nan fa ya dubi rana, gabansa ya faɗi da gaske. Ya tuna Zaid, ya tuna tukunya. Amma ko a lokacin bai ce ya ɓata ba, cewa ya yi an ba shi lalataccen keke.

Suna nan sai suka ji ƙarar ƙafafun amalanke. Shanu biyu ne ke jan ta, a sama kuma tsohon nan ne mai farar kwat, wadda yanzu ta koma ja. Ya sauko, ya ɗaura igiya a keke, ya ɗaura a amalanke, shanu suka fizgo shi. Ya karɓi ƙwaryar Halimatu da hannu biyu, ya taimaka mata ta hau, ya nuna wa Ɗanyaro bayan amalanke inda ake loda rake.

Ɗanyaro ya haye, ya ga tsoho bai riƙe shi a zuci ba, sai bakinsa ya dawo. "Ka kyauta, tsoho. Ka yi sauri, manyan baƙi ka ɗauko. Daga Lyon muke, gidan wani Guillaume za mu. Wani mai taurin kai ne, ga waya a duniya amma ya ce sai an tako an zo masa. Ka san mutanen ƙauye da son a girmama su."

Halimatu ta mintsine shi har sai da ya yi ƙara.

"Mene ne kuma? Hira muke."

Amalanke ta juya, ta gangara tudu, keke na biye a baya da waya a ɗaure tana ɗaukar komai. Suka tsaya a gindin mangwaro. Tebura na nan, amma an kwashe kwanuka, mata na wanke tukwane a gefe. Dangi sun yi cirko-cirko. Wata yarinya ta fito da gudu, idanunta jawur.

"Papa!" ta ce wa tsohon. Sannan ta juyo ta ɗan rusuna, da 'yar Hausar da Zaid ya koya mata. "Sannu da zuwa, Kawu."

Kai, jama'a! Ɗanyaro ya nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi. Ya sauko daga amalanke da takalmi ɗaya.

Guillaume ya cire malfa ya zazzage laka. "Na ce babba ya zo kafin a sauke tukunya," ya ce a hankali. "An sauke, an ci, an wanke. Kun wuce ƙofata kun ce ba wuri. Na fito da kaina, kun ce in faɗa teku. In wannan ne babban gidanku, ina tsoron ganin ƙananan. Rachel, ba su ruwa su sha, a mayar da su jirgi."

Rachel ta fashe da kuka. Halimatu ta ajiye ƙwarya a gaban tsoho, ta kwance zanen, ta je ta kunto waya daga keke ta buɗe sautin. Wayyo! Ihun gari biyu ya fito lokaci ɗaya, Kaltouma na kiran sunan ƙaninta da abin da ba ya maimaituwa, Zaid na roƙo da Faransanci, shagon Hayatu ana dariya har da tari. Sai muryar Alhaji ta tsawatar, kowa ya yi tsit.

"Wane ne wannan?" in ji Guillaume.

"Wan mahaifin Zaid," Halimatu ta amsa. "Shi ya kamata ya zo."

Tsoho ya daɗe yana duban goro, yana duban 'yarsa. "Na rantse ba na ba da 'ya ta waya. Amma da in saurari wannan, gara wayar."

Aka kawo masa kujera. Alhaji ya ce maganar aure da Hausa ake yin ta, don haka a samu mai fassara, kuma a ɗaga wayar daidai fuskar surukinsa. Halimatu ta danƙa wa mijinta. Tsoho na zaune, ba dama a tsaya masa a ka, dole Ɗanyaro ya durƙusa a gabansa, laka na ɗiga, ya ɗaga waya da hannu biyu. Alhaji ya fara gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan bana, bai bar kowa ba, Ɗanyaro na juyawa da Faransanci.

"Yanzu gaya masa," in ji Alhaji, "kowane gida da sakaransa. Mu namu muka aiko masa bisa kuskure, muna ba da haƙuri."

Ɗanyaro ya juya ga Guillaume. "Ya ce... tafiya ta yi nisa, an gaji."

"Ba haka ya ce ba!" Zaid ya yi kururuwa daga Paris.

"Ba haka ya ce ba!" shagon Hayatu ya amsa daga Lyon.

"Malam," in ji Halimatu a kunnensa, "auren marayan nan a bakinka yake. Faɗi yadda aka faɗa."

Ya dubi waya. Zaid ya daina ihu, kallonsa kawai yake, hawaye na zuba. Ɗanyaro kuwa, duk surutunsa yana son yaron nan, shi ya goya shi ranar da aka binne ubansa. Ya gyara durƙuso, ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma za su ji.

"Ya ce kowane gida da sakaransa. Na gidanmu ni ne. Ni na hana a ɗauke mu, ni na ƙi tambaya, ni na kashe sauti. Yaron ba ruwansa."

"Ban ce duk wannan ba," in ji Alhaji, "amma bar shi haka."

Guillaume ya dube shi daga sama har ƙasa. Gefen bakinsa ya fara rawa, ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya tuntsire da dariya har malfa ta faɗi. Dangi suka ɗauka. Ya miƙa hannu cikin ƙwarya ya ɗauki goro ɗaya, ya ɓantara, ɗaci ya sa ya yamutsa fuska, amma ya tauna ya haɗiye.

"Gaya wa Alhaji na ba Zaid," ya ce. "Gidan da sakaransu ke faɗin gaskiya a durƙushe, 'yata ba za ta wulaƙanta a cikinsa ba."

Guɗa ta tashi a La Courneuve har waya na rawa. Ɗanyaro ya yunƙura zai miƙe.

"Ina za ka?" in ji Alhaji. "Koma ka durƙusa, ka ɗaga ni sosai. Yanzu zan fara addu'a, kuma doguwa ce."